Abin da Na Tarar a Ɗakin Godiya

Tunda na dawo daga Kafanchan wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo murya, kuma duk tambayar ɗaya ce: "Anti Rabi, ya hanya? Ba su yi miki komai ba dai? Me kika ci a can? Wai da gaske rawa suke yi a gaban gawa?" Har yau ban ji wadda ta tambaye ni yadda Godiya ta ƙare ba, ko wa ke riƙe da 'ya'yanta yanzu. To tunda labari kuke so, zan ba ku shi gaba ɗaya. A shafina nake rubutawa, inda babu mai ikon goge mini magana.

Ga waɗanda ba su sani ba, muna da wani zauren girki a waya, na mata zalla, yawancinmu 'yan Kano da Katsina da Zariya. Godiya malamar firamare ce daga Fadan Kagoma, can kusa da Kafanchan, Kirista, uwar yara biyu. Ita ta koya mana gwaten acca da yakuwa, ita ta nuna mana yadda ake wanke acca har tsakuwa ta fita. Hausarta takan ba mu dariya, don kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. In an tsokane ta sai ta ce, "To ku yi mini yarena mu gani." Ni da ita ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba. Amma lokacin da maigidana ya yi haɗarin mota yana kwance a asibiti, kullum da safe kafin ta shiga aji sai ta kira ni. "Anti Rabi, ka ci abinci? Kar ka yi mini ƙarya." Dangina ma ba su yi haka ba.

Daga baya aka gano tana da kansar mama. Aka yi mata aiki aka cire guda, aka ɗora ta a kan allurar da ke zubar da gashi. Ta daɗe tana fama. Akwai lokacin da ta ce mana ta samu sauƙi, muka yi ta murna. Sai ta rage magana, sai ta daina ɗaga waya, in na tura saƙo ta amsa da kalma biyu, "Da godiya." Wata safiya yayarta Hannatu ta turo mini cewa ta cika.

Kun tuna yadda zaure ya cika ranar? Hotonta a ko'ina, alamar hawaye jere-jere, kowa na cewa ta yi rashin 'yar'uwa. Da aka ji su ba sa binnewa nan take, gawa tana mutuware, ɗakin sanyi na asibiti, sai dangi sun taru, aka ce to ai mun samu dama, a ɗauki bas guda a je. Mata suka yi ta ɗaga hannu. Ni na kira Hannatu da bakina na ce mata muna tafe da yawa. Ranar tafiya na matsowa aka fara zamewa. Wannan miji ya hana, waccan yaro ba lafiya, wata ta ce hanyar Kachia masu garkuwa sun yi yawa, wata kuma ta turo dogon wa'azi a kan zuwa ta'aziyyar wanda ba addininku ɗaya ba. Ita ɗin ce kuwa ta fi kowa roƙon Godiya ta aiko mata da citta da zuma.

Na gaya wa maigidana saura ni kaɗai. Ya ce, "Matar da ta riƙa kiranki ina kwance? Tashi ki je. Duk inda kuka tsaya ki kira ni."

Daga Kano zuwa Kaduna babu abin faɗa sai ramuka da barci. A Kaduna aka ce motar Kafanchan sai na haye gada zuwa kudancin gari. Babu shinge a gadar nan, babu mai tambayarka takarda, amma kana hayewa ka san ka shiga wata ƙasa. Hijabi ya ragu, allunan coci suka yawaita, waƙar da ke tashi a shaguna ta canza. A tasha ni kaɗai ce mai hijabi a motarmu. Kafin mu tashi direba ya juyo ya ce, "Wani ya yi mana addu'a." Wani dattijo ya cire hula ya roƙi Ubangiji ya kiyaye hanya cikin sunan Yesu, mota ta amsa da amin. Ni ma na karanta tawa a zuci. Matar da ke gefena, wata kakkaura mai ƙaton buhun takalman sayarwa a kan cinya, ta zungure ni ta ce, "Hajiya, ƙara da taki da ƙarfi. Hanyan nan yana buƙatan duka biyu."

Sunanta Madam Ngozi. Inyamura ce, amma a Kafanchan aka haife ta, babanta direban jirgin ƙasa ne. Hausa a bakinta kamar ruwa. Kafin mu bar gari ta san sunana, sunan 'ya'yana, da abin da ya fito da ni.

A Kasuwan Magani muka tsaya ɗaukar kaya. Garin nan ban taɓa jin sunansa ba sai a labarin tashin hankali, har gabana ya faɗi da na ga allon. Abin da na gani kuwa kasuwa ce tana ci, Fulani da nono, mata da dafaffiyar masara da gyaɗa, masu buhunan hatsi suna ta ciniki. Na sauka na yi sallah a wani ƙaramin masallaci a bakin titi, direba ya jira ni har na idar. Shingen sojoji ne dai ba iyaka. A wani shinge soja ya leƙo, ya tsallake kowa ya tsaya a kaina. "Hajiya, ina zuwa?" Na ce jana'iza, a Fadan Kagoma. Ya ce, "Ke? Ta wa?" Kafin in buɗe baki Madam Ngozi ta zazzaga masa turancin buroka, ban ji rabinsa ba, na dai ga ya yi dariya ya buga motar ya ce mu wuce. Na tambaye ta me ta ce masa. Ta ce, "Na ce ƙanwata ce, babanmu ya yi yawo da jirgi sosai."

Bayan mun wuce Kachia mota ta fara hayaƙi, a daidai wani daji da babu gida ko ɗaya. Direba ya ce ruwan lagireto ya ƙare. Nan kowa ya shiga leƙen daji, don mun san abin da ake tsoro. Aka tattara ruwan roba na kowa aka zuba, bai isa ba. Sai na tuna da butata da na cika a masallacin Kasuwan Magani. Ita ta ƙarasa aikin. Mota ta ƙi tashi sai da turi, muka fito maza da mata, ni da hijabina ina turi har takalmina ya tsinke. Madam Ngozi ta kwance buhunta a bakin titi ta zaro mini silifas ja mai fure. Da shi na je jana'izar Godiya.

Rana ta faɗi kafin mu shiga Kafanchan. Madam Ngozi ta ce ba inda za ni, gidanta zan kwana. Tana zaune a tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi, ginin ja mai rufin kwano, ga layin dogo a bayan gida ciyawa ta cinye shi awaki na kiwo a kai. Ta dafa shinkafa da kifi, ta ce, "Kifi ba ya buƙatan yanka, ci da kwanciyan hankali." Ta shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ta tura aka tambayo mata gabas a gidan wani maƙwabcinta Bahaushe. Ku da kuke tambaya ko an yi mini wani abu, ga abin da aka yi mini.

Da safe ta saka ni a keke mai ƙafa uku zuwa Fadan Kagoma. Ƙasa ce kore shar, ga duwatsu, ga gonakin citta har bakin titi. Ban sha wahalar gane gidan ba, rumfuna da kujeru sun cika ƙofar. Wata doguwar mata sanye da anko ta hango ni, ta taho da gudu ta rungume ni tana kuka. Hannatu ce. Ta ce, "Anti Rabi! Muryanka na sani. Sannu da hanya." Sai ta leƙa bayana, ta leƙa titi. "Sauran fa? Bas ɗin yana baya?"

Na ce ni kaɗai ce.

Ta kama hannuna ta kai ni wata rumfa da aka ware a gefe, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, nesa da inda maza ke shan burkutu. Kujeru a jere, an goge su tas. An ajiye butoci sababbi da tabarmi. Ta nuna mini tukwane a kan murhu ta ce sababbi ne, ba a taɓa dafa komai a ciki ba. Akuya kuma wani mahauci Musulmi suka ɗauko daga Kafanchan ya yanka da asuba. Ta ce Godiya ce ta bar wasiyya tun tana iya magana: "Mutanena na Kano za su zo. Kar ku ba su kunya."

Na zauna ni kaɗai a cikin rumfar nan, kujeru babu kowa dama da hagu, mutanen gari suna wucewa suna gaishe ni suna kallon kujerun. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A daidai lokacin na duba waya, na ga ana gardama a zaure a kan ko ana saka madara a alkaki.

Kun tambayi rawa. E, sun yi. Matan zumuntar cocinsu sun zo da anko iri ɗaya, da ganguna da tukwanen ƙasa da suke bugawa da tafin hannu, suna waƙa da Hausa cewa ta gama tserenta ta tafi gida. Suna rawa hawaye na zuba. Mu a gida kafin labari ya zaga an yi wanka an sallata an kai, mata kuma muna cikin gida, sai dai mu ji maza sun dawo. Su sun ajiye ta har kowa ya iso, sun buga takarda mai hotonta da tarihinta, 'yan ajinta sun jeru da yunifom sun rera mata waƙa. Fasto ya yi wa'azi, tafinta na juyawa da yarensu saboda tsofaffi. A tsakiyar magana ya nuna ni ya ce ga baƙuwa daga Kano, jama'a suka tafa, na rasa inda zan sa kaina.

Sai aka buɗe akwati aka ce a zo a yi bankwana. Mu ba mu saba ba, na so in noƙe, Hannatu ta ja ni. An sa mata farar riga da safar hannu. Matar da na sani a hoto mai kumatu ce, mai wushirya. Wadda na gani a akwatin ba ta fi yarinya 'yar firamare ba. Ganina da ita na farko ke nan, shi ne kuma na ƙarshe. A bayan gida aka haƙa kabarin, kusa da rumbu, mata da yara duk muna tsaye. 'Yarta ƙarama ta ɗebi ƙasa ta zuba, ta juyo tana tambayar babanta ko ta ƙara.

Da la'asar, bayan jama'a sun ragu, Hannatu ta ce a ɗakin Godiya zan kwana, wai marigayiyar ce ta ce a ba ni. Ɗaki ne ƙarami mai tsafta, ga littattafan makaranta a kan tebur, ga Littafi Mai Tsarki, ga warin magani bai gama fita ba. Na sunkuya zan tura jakata ƙarƙashin gado ta ƙi shiga. Na leƙa. Jarkoki ne jere, wasu babu komai, wasu da sauran wani baƙin ruwa mai kauri. Na jawo ɗaya. Takardar da aka manna a jiki na san ta, kullum ina ganinta a zaurenmu. Ta Maman Ihsan ce, mai tallan maganin gargajiya, wadda ke cewa tana warkar da sanyi da basir da rashin haihuwa.

Na fito da jarkar a hannu. Mijin Godiya, Malam Yakubu, yana zaune a tsakar gida da mahaifiyarta, wata tsohuwa da kowa ke kira Mama. Na ce, "Malam, wannan daga ina?"

Ya dube ni kamar mai mamakin tambayar. "Ai daga wajenku ne, Anti. Daga Kano ake sa shi a mota."

Ya ba ni labarin a hankali, ba ɗaga murya. Allurar asibiti ta wahalar da Godiya ƙwarai, amai ba dare ba rana, gashi ya zube, ko ruwa ba ya zama. Likita ya ce ta daure, akwai fata mai kyau in ta ƙarasa. A lokacin ne Maman Ihsan ta bi ta ta bayan fage, ba a cikin zaure ba. Ta ce mata allurar Bature ita ke kashe mutane, ita tana da maganin da ke narkar da cutar kansa ta fita ta fitsari, sharaɗinsa ɗaya, kada a haɗa shi da na asibiti. Godiya ta daina zuwa asibiti. Da ta daina allura amai ya tsaya, ta fara cin abinci, gashi ya fara tsirowa. Sauƙin da ta gaya mana ke nan, wanda muka yi ta yi wa murna.

Malam Yakubu ya ce, "Na yi faɗa, na yi roƙo. Ta ce mini, matan nan 'yan'uwana ne, ba za su cuce ni ba. Namu ma ba su bar ta ba, wani kawuna ya kai ta gidan addu'a aka sa ta azumi, mutumin da ba ya iya tsayuwa. Ta nan an ja, ta can an ja."

Hannatu ta karɓa. Ta ce da ciwon ya dawo, wurin aikin ya fashe yana ruwa, sun ɗauki hoto sun tura wa Maman Ihsan. Ta ce alhamdu lillahi, cutar ce ke fita, a ninka kofi. Da ya kai Godiya ba ta iya kwanciya sai a zaune, matar ta daina ɗaga waya. Suka koma asibiti, likita ya duba ya fito da Malam Yakubu waje ya ce ya riga ya kama huhu da ƙashi, su kai ta gida.

Mutanen nan sun san daga zaurenmu maganin ya fito, sun sani sarai, amma suka sayi sababbin tukwane, suka yanka mana akuya. Na fara ba su haƙuri. Mama ta kama hannuwana biyu da nata masu kaushi, ta ce, "Ɗiyana, ba kai ka ba shi ba. Kai ka zo. Zauna ka ci tuwo."

Na ci tuwon acca da miyar karkashi, ina ci ina haɗiye kuka. Naman akuyar nan kuwa washegari suka soye shi suka cika mini leda, wai in kai wa sauran da ba su samu zuwa ba.

A hanyar dawowa, muna shiga Kachia saƙonni suka fara shigowa. Na buɗe zaure. Maman Ihsan ta saka sabon talla, da hoton jarka, a ƙasa ta rubuta, "Ku saurari shaidar wata mai kansa da ta warke." Na danna. Muryar Godiya ce. "Maman Ihsan, na gode, na gode. Amai ya tsaya, yau na ci tuwo. Ubangiji ya sa maka albarka." Tsohuwar murya ce ta lokacin da ta bar allura. Ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba. A ƙarƙashin tallan mata suna ta rubuta masha Allah, wasu na tambayar yadda za a aika musu. A cikinku babu wadda ba ta san muryar nan ba. Wa kuma ke ce wa mace "maka" a zauren in ba ita ba?

A cikin motar na saka hoton jarkokin da na ɗauka, na rubuta abin da na gani. Kafin mu kai Kasuwan Magani an goge. Shugabar zaure, Hajiya Uwani, ta kira ni. "Haba Rabi, da girmanki? Kada ki kawo mana fitina. Kowa da kwanansa, ko a asibitin ma ai mutuwa ake yi. Za ki shiga haƙƙin baiwar Allah, sana'arta ce."

Na ce, "Hajiya, na yarda da ajali. Amma wanda ya tura mutum rijiya ba ya cewa ajali ne. Ki goge tallan."

Ta ce za ta duba. Har yanzu yana nan.

Na kira Maman Ihsan da kaina, ta ɗaga da fara'arta. Da ta ji abin da ke tafe da ni sai murya ta canza. Ta ce ita magani take bayarwa, waraka ta Allah ce. Sannan ta ce, "Kuma wa ya sani ko ta bi ƙa'ida? Kin san mutanen can da ciye-ciye da shaye-shaye." Abin da na gaya mata ba zan rubuta shi a nan ba. Fasinjojin motar sai da suka juyo suna ba ni haƙuri, direba ya rage rediyo.

Naman na raba wa maƙwabtana. Ban ga wadda ta cancanci ko tsoka ɗaya a cikinku ba.

Saƙon nan nawa da aka goge, ashe wata ta riga ta gani. Jiya da hantsi ta kira ni, ba zan faɗi sunanta ba, 'yar zauren ce, tana nan cikin Kano, tana da goyo. Ta yi ta kame-kame kafin ta ce ta daɗe da jin wani ƙulli a mamanta na hagu, tana tsoron asibiti kada a yanke, ko mijinta ba ta gaya wa ba. Ta ce tana kan jarka ta biyu. Ta ce, "Anti, da gaske Godiya ce a muryar nan?"

Na ce da gaske ne, kuma na ga gawarta da idona.

Ina jin jaririn yana kuka a bayanta. Ta ce to za ta yi tunani. Na ce babu tunanin da za ta yi, ta zubar da ruwan nan a kwata yanzu ina kan waya. Na ji ƙarar zubar. Na sa ta kwatanta mini gidanta. Ranar Litinin da safe zan je in ɗauke ta mu tafi asibiti, maigidana ya ce zai kai mu. In ta ƙi fitowa, zan shimfiɗa ɗankwalina a ƙofar gidan in zauna har mijinta ya fito ya tambaye ni lafiya.